Ɗan littafin Birijid: inda aka kwana

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Na buɗe wannan kundi ne don in ɗaure kaina, saboda na san halina. Duk aikin da ban rubuta inda na kwana a cikinsa ba, yakan bi sahun 'yan'uwansa da ke kwance a kwamfuta tun shekaru uku.

Aikin shi ne ɗan littafi da Hausa, kamar shafi 24, a kan ranar 1 ga Fabrairu a ƙasar Ailan, ranar waliyyiyarsu ta Kirista mai suna Birijid, kuma ranar da mutanen nan suke cewa hunturu ya fara tattara kayansa. Abin da ya jawo shi kuwa, bara Auta ta dawo daga makaranta riƙe da wata 'yar saƙa ta ɗanyar ciyawa mai hannuwa huɗu. Na ce mene ne wannan, ta ce na Birijid ne. Wace ce Birijid? Ta ɗaga kafaɗa ta nufi firij. Da na kai maganar zauren matanmu na WhatsApp, ashe kowane gida an kawo irinta. Wata ta ce tsafi ne, ta jefa a shara tun yaron bai cire takalmi ba. Wata ta ce kayan coci ne. Wata ta ce ita dai ta san ana ba da hutu, shi ke nan. Shekarata bakwai a gundumar Kildare, garin Birijid ɗin ma, wanda shi ma sunansa Kildare, tafiyar minti ashirin ne daga gidana, amma ban fi su sani ba. Abin kunya.

Tsarin da na zana a takarda shi ne a raba kowane shafi biyu: hagu abin da ya fito daga addinin gargajiya, dama abin da Kiristanci ya kawo. Mai karatu ya duba ya san wanne ne wanne. Ina so in gama kafin azumi.

Asabar, 11 ga Janairu

Mako guda ana zuba sanyi, dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi a kudancin ƙasar. Ni kuma kalma ta farko ta tsare ni.

Lokacin da ke bin hunturu a nan, da harshen Ailan sunansa earrach. Masu fassara sukan ce bazara, amma bazara a wurinmu zafi ne mai kora mutum tsakar gida da tabarma, mangwaro ya nuna, kowa na duban gabas ko hadari zai haɗo. Idan na rubuta wa Gwaggo cewa bazara ta shigo alhali ina sanye da riguna huɗu, cewa za ta yi aljanu sun taɓa ni. Na tsaya a kan "lokacin toho". Haka kuma na soke kalmar "arna" a duk inda na sa ta. Zagi ne a bakinmu, ni kuma bayani na zo yi.

Abin da na tabbatar zuwa yanzu: tsofaffin mutanen Ailan sun raba shekara da bukukuwa huɗu. Samhain a farkon Nuwamba, Imbolc a farkon Fabrairu, Bealtaine a farkon Mayu, Lughnasa a farkon Agusta. Namu shi ne Imbolc. Wasu masana sun ce sunan daga "i mbolg" yake, wato "a cikin ciki", saboda lokacin ne tumaki suke da tsohon ciki. Na yi dariya ni kaɗai, don cika-ciki ne ya faɗo mini a rai, duk da babu abin da ya haɗa su. Hukumar yanayi ta ƙasar ita sai 1 ga Maris take fara lissafin toho, amma yaran firamare har yau Fabrairu ake koya musu.

Laraba, 15 ga Janairu

Yini guda a laburare. Na dawo da ciwon kai da matsala.

Ɓangaren dama ya cika har ya tumbatsa. Birijid, wadda da harshensu suke kira Bríd, an ce an haife ta wajen shekara ta 451 a Faughart, kusa da Dundalk, ta rasu wajen 524. Ubanta Dubhthach basarake ne, uwarta baiwa. Ta kafa gidan zuhudu a Kildare, wanda asalin sunansa Cill Dara, cocin itacen ok, kuma maza da mata ne a cikinsa, kowa da sashensa. Wani ɗan zuhudu mai suna Cogitosus ya rubuta tarihinta wajen 650. Labaran da ake bayarwa a kanta kusan duk na kyauta ne da abinci: ta rabar da man shanun gidansu ga mabarata amma kwano ya sake cika, ta ɗauki takobin ubanta ta miƙa wa kuturu, ruwa ya jiƙa mata mayafi ta shanya shi a kan hasken rana. Uban ma, in ji labarin, gajiya ya yi da kyautarta har ya nemi ya sayar da ita.

Ɓangaren hagu fa? Abin da na samu bai cika rabin shafi ba. Akwai wani tsohon ƙamus da ake jingina wa Cormac, sarki kuma bishop a Cashel wanda aka kashe a yaƙi a 908. Shi ya ce akwai abar bauta mai suna Birijid, 'yar Dagda (wani babban abin bautarsu), wadda mawaƙa suke girmamawa, da 'yan'uwanta biyu masu suna iri ɗaya, ɗaya ta magani ɗaya ta ƙira. Shi ne kuma ya fassara sunan bikin Imbolc da "nonon tunkiya". Akwai wata tsohuwar tatsuniya da ta ambaci Imbolc a matsayin lokacin da ake fara tatsar tumaki. Iyakarta ke nan, ko kusa da haka. Kuma duk malaman Kirista ne suka rubuta, ɗaruruwan shekaru bayan addinin gargajiyar ya kau. Babu inda aka ce ga yadda ake bikin, ga abin da ake yanka, ga abin da ake faɗa.

A intanet kuwa ba a cewa komai. Kowa na da labarin wutar da ake kunnawa da rawar da ake yi shekaru dubu biyu da suka wuce, kamar da shi aka yi.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau ranar aikin hannu. Maƙwabciyata, tsohuwar da yarana suke kira Kaka, ta haura tamanin, asalinta daga Donegal take. Tun da ta ji abin da nake yi ta ce ba za a rubuta saƙa da baki ba, sai an yi ta. Muka sa takalman roba muka bi ta bayan unguwa zuwa wata fadamar makiyaya. Ciyawar sunanta luachair, tana fitowa cunkus a wuri mai danshi, doguwa, kore shar, mai santsi kamar tsinken tsintsiya amma cikinta fari ne laushi kamar soso. Na fito da almakashi, Kaka ta riƙe mini hannu. "'Yata, a gidanmu ba a sa mata ƙarfe, cirewa ake yi." Na mayar da shi jaka, na tsuguna ina fizga, ruwan sanyi yana shiga ta wuyan takalmi.

A teburin kicin ɗinta ta nuna mini. Ka riƙe tsinke ɗaya a tsaye. Ka naɗe na biyu gida biyu, ka rungumo tsakiyar na farko da shi, bakinsa na duban dama. Ka danne mahaɗar da babban yatsa, ka juya abin gaba ɗaya kwata ɗaya zuwa hagu. Ka naɗe na uku, ka rungumo duk wanda yake tsaye, ka sake juyawa. Haka za ka yi ta yi, naɗe, runguma, juya, har tsakiyar ta zama murabba'i mai hawa-hawa kamar gindin kwando. Tsinke goma sha shida ya isa. Sai a ɗaure bakin kowane hannu a datse. Sirrin duka yana wurin babban yatsa: ka ɗan saki, komai ya warware. Nawa na farko ya warware sau uku. Na Kaka, da hannunta mai amosanin gaɓɓai, minti huɗu ta gama tana ba ni labari, ko kallonsa ba ta yi.

Labarin shi ne wani basarake mai bin addinin gargajiya yana kan gargara, Birijid ta zauna kusa da shi, ta tsinci ciyawar da aka shimfiɗa a ƙasan ɗakin ta shiga saƙawa. Ya tambaye ta mene ne, ta yi masa bayanin gicciye, ya karɓi addininta kafin ya cika. Ana rataye sabo a saman ƙofa kowace shekara don tsari daga gobara da yunwa. Kaka ta ce a gidan kakanta ba a cire tsofaffin, a jikin azarar rufi ake soke su, har mutum yana iya ƙirga shekarun gida da su. Na tambaye ta, to wannan na gargajiya ne ko na coci? Ta dube ni ta saman tabarau. "Na uwata ne," in ji ta. Ta tashi ta ɗora shayi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Abban yara ya ga saƙar a kan teburina ya tsaya. "Wannan fa, ba dai rataye shi za ki yi ba?" Na ce a'a Abban yara, hoto zan ɗauka in mayar wa mai shi. Ya ce to, a dai rubuta wa mutane gaskiya cewa gicciye ne, kada a ce musu ado ne kawai. Ya yi daidai, kuma haka zan rubuta. Iyaye su san mene ne, sannan kowa ya yanke wa gidansa hukunci. Na tura wa Gwaggo bidiyon saƙar, ita da ta ƙare rayuwarta a ɗinkin faifai. Amsarta ta murya daƙiƙa tara ce: "Ke dai ba ki daina sakin hannu ba. Ki matse."

Lahadi, 26 ga Janairu

Babu aiki tun Alhamis. Guguwar Éowyn ta afka wa ƙasar asubahin Juma'a, a gaɓar Galway an auna iska mai gudun sama da kilomita 180 a awa, gidaje da shaguna fiye da 700,000 suka rasa wuta. Mu kwana biyu muka yi a duhu. Daren farko muka kwaso Kaka zuwa gidanmu, muka zauna da kyandir da bargo. A wannan zaman na fara gane abin da nake ta karantawa. Mutumin da ya kwana wata uku a irin wannan duhu da sanyi, rumbu ya yi ƙasa, saniya ta ƙafe, ranar da tunkiya ta haihu nono ya dawo gida ai dole ya yi biki. Ba sai an turo masa malami ba.

Laraba, 29 ga Janairu

Na samu taska. Tsakanin 1937 da 1939 hukumar adana al'adu ta ƙasar ta sa 'yan firamare sama da 50,000 daga makarantu 5,000 su je su tambayi iyaye da kakanni al'adun garinsu su rubuta. Littattafan suna jami'ar UCD a Dublin, an kuma ɗora hotunansu a intanet, da rubutun hannun yaran. Dare biyu ina ciki.

Daga nan da bakin Kaka na haɗa jerin abin da ake yi a jajiberi, 31 ga Janairu. Ana fitar da ƙyalle a bar shi waje ya kwana, brat Bríde, da imanin cewa Birijid tana zaga ƙasar a daren tana sa masa albarka, sai a ajiye shi don ciwon kai da na maƙogwaro da naƙuda, ta mutum ko ta dabba. Ana yin 'yartsana mai suna Brídeóg, wani lokaci da sandar kaɗa nono, wato maburginsu amma dogo, a sa mata farin kaya, matasa su zaga da ita gida-gida da hulunan kara suna kiɗa ana ba su ɗan abin hannu. Duk wanda ya yi tashe ba sai an yi masa dogon bayani ba. A Killorglin ta gundumar Kerry har yanzu ana yi. A yammacin Galway da tsibiran Aran akwai crios Bríde, ƙatuwar igiyar kara da aka ƙulla zobe, mutanen gida su ratsa ta ciki don neman lafiyar shekara. A wasu garuruwa ba a yin aikin da zai sa wili ya juya a ranar, ba kaɗi, ba keken doki.

Sai abinci, kuma nan ne tsarina ya fara tsagewa. Abincin daren dakakken dankalin Turawa ne da kabeji ko albasa, a yi rami a tsakiya a sa curin man shanu. Na riga na jefa shi ɓangaren hagu saboda ya yi kama da tsohon abu. Sai na tuna dankalin nan, wanda mu a kasuwannin gida da sunan ƙasar nan ma ake kiransa, daga Kudancin Amurka ya fito, bai iso Ailan ba sai ƙarshen ƙarni na 16. Birijid ta yi shekara dubu a kabari kafin nan. To ina zan sa shi?

Juma'a, 31 ga Janairu

Kaka ta gayyace mu kallo. Jikarta ta fita waje da damin ciyawa ta ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, tana faɗin wasu kalmomi da harshensu waɗanda ma'anarsu ita ce ku durƙusa, ku buɗe ido, ku bar Birijid ta shigo. Na ciki suka amsa da maraba. Aka sa damin a ƙarƙashin tebur aka ci abinci, sannan aka zauna saƙa. Mu muna gefe da shayinmu. Kafin mu tafi na ga Kaka ta ɗaura wani tsohon gyale ja a jikin shingen lambu.

Magariba yau ta wuce ƙarfe biyar da 'yan mintoci. A ƙarshen Disamba ƙarfe huɗu da kaɗan ake kiran salla. Awa guda cur ta dawo, kuma duk wanda ka haɗu da shi a titi sai ya yi maka zancen yadda yamma ta fara miƙewa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Hutun gwamnati. Tun 2023 aka fara ba da shi, Litinin ta farko a Fabrairu, sai in 1 ga wata ta faɗo Juma'a. Shi ne hutu na farko a ƙasar da aka sa wa sunan mace. Muka tafi garin Kildare gaba ɗayanmu.

Hanyar ta ratsa Curragh, fili fetal mai kusan eka 5,000 babu shinge, tumaki da fenti a gadon baya suna tsallaka titi yadda suka ga dama. Labari ya ce Birijid ta roƙi sarkin Leinster, lardin da Kildare yake ciki, fili, ya yi mata rowa, ta ce to a ba ta iyakar inda mayafinta zai rufe. Ya yarda yana dariya. Mata huɗu suka kama gefe huɗu suka ruga, mayafi ya yi ta buɗewa har sai da sarki ya roƙi a tsaya. Auta ta ce wannan wayo ne irin na Gizo.

A harabar babban cocin, kusa da hasumiyar dutse mai tsawon sama da mita 30, akwai wani ɗan gini mai kusurwa huɗu da ya rage tushe kawai. Nan ake cewa wutar Birijid take. Wani malamin coci, Gerald na Wales, ya rubuta wajen 1188 cewa mata 'yan zuhudu 19 ne suke kwana da wutar bi da bi, dare na 20 a bar wa Birijid, kuma an kewaye ta da shingen da namiji ba ya tsallakawa. A 1220 babban bishop na Dublin ya sa aka kashe ta, aka sake kunnawa, ta mutu gaba ɗaya lokacin da Sarki Henry na Takwas na Ingila ya rushe gidajen zuhudu a ƙarni na 16. A 1993 mata 'yan zuhudu na ƙungiyar Birijid suka sake kunna ta a dandalin kasuwar garin, kuma suna riƙe da ita a cibiyarsu ta Solas Bhríde. Kowa yana nuna wutar nan a matsayin hujjar cewa wurin bautar gargajiya ne aka mai da coci. Mai yiwuwa ne. Amma Cogitosus, wanda ya zauna a wurin shekara 500 kafin Gerald, ya siffanta cocin dalla-dalla bai ambaci wuta ba. Wannan ya tsaya mini a rai duk yinin.

Daga nan rijiyar Birijid da ke Tully, bayan gari. Ruwa mai sanyi yana bi ta ƙarƙashin wata 'yar baka ta dutse, ga duwatsu biyar a jere inda masu ziyara suke tsayawa addu'a, ga bishiya da aka cika wa rassa da tsummoki da zare da safar jarirai. Na ga wata dattijuwa da carbin Katolika, bayanta wasu 'yan mata da furanni a ka waɗanda a ganina sabbin masu bin addinin gargajiya ne. Layi ɗaya suka bi, kofi ɗaya suka yi amfani da shi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na yaga tsarin hagu da dama. Ƙyallen da ke kwana a waje, wa zai rantse daga ina ya fito? Yawancin al'adun nan ba a rubuta su ba sai cikin shekaru ɗari uku da suka wuce, daga bakin manoma Katolika da ba su taɓa ɗaukar kansu masu raya wani tsohon addini ba. Masana ma sun rabu: wasu na cewa waliyyiyar ta gaji sunan abar bautar da ranarta, wasu na cewa mace ce ta gaske da labarai suka taru a kanta daga baya. Zan kawo duka biyun in bar su haka.

Sabon tsari zai bi abin da ido ke gani: babin nono da tumaki, babin ciyawa, babin wuta, babin ruwa. A ƙarƙashin kowanne in faɗi shekarar da aka fara rubuta shi da wanda ya rubuta. Na cire shafin tsohon kabarin da ke kan tudun Tara, wanda ake cewa rana tana haska cikinsa a farkon Fabrairu, don an gina shi kusan shekara 5,000 da suka wuce, tun kafin a san da masu Imbolc ɗin. Amma na riƙe tatsuniyar Cailleach, tsohuwar hunturu da ke fita neman itace ranar 1 ga Fabrairu: idan ta so sanyi ya daɗe sai ta sa rana ta fito don ta tara da yawa, shi ya sa mutane suke murna in garin ya tashi da ruwa. Yara za su so ta.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Shafi 17 sun kammala cikin 24. Na kai gwaji wani shagon buga takardu, suka miƙo mini duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna, kuma sai da suka karɓi kuɗinsu. Zan canza salon haruffa in koma wani wurin.

Abin da ya rage: babin ruwa bai wuce rabi ba. Ina bukatar hoton gicciye mai hannu uku, irin wanda ake ratayawa a garken shanu, kuma gidan tarihin rayuwar karkara da ke Castlebar yana da tarinsu, sai dai tafiyar awa uku ce. Kaka ta yi alkawarin saƙa mini ɗaya idan ciyawar ba ta bushe ba, in ta bushe mu koma fadama ranar Laraba. Mata biyu daga zauren sun karɓi karatun gyara, har da wadda ta jefa nata a shara, ita ce ma ta fara turo tambayoyi, guda goma sha ɗaya. Ban amsa ko ɗaya ba tukuna. Azumi saura mako biyu.